Jinyar Hawainiya: Dabbar da Ke Ɓoye Ciwonta

A shekarar 1972, wani mai shagon sayar da dabbobin gida a garin Kaneohe, da ke tsibirin Oahu na jihar Hawai a Amurka, ya yi odar hawainiyoyi masu ƙaho uku daga Kenya. Da suka iso sai ya tarar da su a galabaice. Sun rame, ƙishirwa ta ci ƙarfinsu bayan doguwar tafiya a cikin akwati. Sai ya sake su a kan bishiyoyin bayan gidansa, da niyyar idan sun murmure ya tattara abinsa ya sayar.

Sun kuwa murmure, amma ba su koma shago ba. Suka bazu cikin dazuzzukan Oahu, daga baya aka same su a Maui da babban tsibirin Hawai. Yau hukumomin jihar suna ɗaukarsu a matsayin baƙin da suka zama alaƙaƙai, don masu bincike sun tarar da dodon-koɗin bishiya na asalin Oahu, wanda ke dab da ƙarewa a duniya, a cikin cikinsu. Doka ma ta hana a ɗauke su daga wannan tsibiri zuwa wancan.

Ɓarnar da sakin ya jawo daban. Abin lura ga mai jinya shi ne abin da ya tashi waɗannan dabbobi daga halin mutuwa: hasken rana, ruwan sama a kan ganye, ƙwari iri-iri, da reshen da kowace za ta zauna ita kaɗai. Likitocin da suka ƙware a kan dabbobi masu jan ciki sun daɗe suna nanata cewa mafi yawan cututtukan hawainiyar da ake kiwo, daga yadda ake ajiye ta suke tasowa. Wanda zai yi jinyarta, da kejin zai fara kafin ya kai ga kwalbar magani.

Daga daji zuwa falo

Akwai nau'o'in hawainiya sama da 200 a duniya, kuma kusan rabinsu a Madagaska kaɗai ake samunsu. A can ne aka gano Brookesia nana, wadda aka bayyana wa duniya a 2021, ƙanƙanuwar da ke iya zama a kan ɗan yatsa. Amma a gidajen masu kiwo na Turai da Amurka da Japan, nau'o'i uku ne suka fi yawa: hawainiyar Yaman mai dogon tukku a ka, wadda asalinta duwatsun Yaman ne da kudu maso yammacin Saudiyya, hawainiyar arewacin Madagaska mai launuka masu ƙyalli, wadda masana ke kira Furcifer pardalis, sai mai ƙaho uku ta tsaunukan Kenya da Tanzaniya.

Kasuwar ba ƙarama ba ce. Wani bincike da aka buga a 2004, bisa alƙaluman yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji, ya nuna cewa tsakanin 1977 da 2001 an yi safarar hawainiyoyi sama da 800,000 tsakanin ƙasashe. A wancan lokacin Madagaska da Tanzaniya da Togo ne ke kan gaba wajen fitarwa, Amurka kuma ita ce babbar mai saye. Hawainiyar Senegal, wadda ke rayuwa a Afirka ta Yamma, tana cikin waɗanda aka fi kwasa, musamman daga Togo da Benin da Ghana. Da yake tana da arha, ita ce sabbin masu kiwo ke yawan saye, ita ce kuma ke yawan mutuwa a hannunsu cikin 'yan watanni.

Finafinai ma sun ƙara wa abin armashi. Fim ɗin zane na Rango, wanda ya fito a 2011, jaruminsa hawainiyar kiwo ce. Yaro ya gani ya so, uba ya saya, mai shago ya haɗa su da ƙaramin akwatin gilashi da kwanon ruwa. Daga nan ciwo ke somawa, tun ba a bar shagon ba.

Alamomin da ido ke tsallakewa

Hawainiya ba ta da gudu, ba ta da dafi, ba ta da ƙarfin faɗa. A daji, macizai da tsuntsaye ne ke farautarta, kuma wadda ta nuna rauni ita ake fara ɗauka. Saboda haka ta saba da daurewa. Takan zauna a kan reshe tamkar lafiya lau alhali ciwo ya yi makonni yana cinta, har sai ranar da mai ita ya wayi gari ya tarar da ita a ƙasan keji.

Masu kiwon da suka san aikinsu suna duba wasu abubuwa kullum. Na farko idanu. Lafiyayyar hawainiya idanunta a cike suke, kowanne yana juyawa inda ya ga dama, kuma ba ta rufe su da rana. Hawainiyar da ke barci da tsakar rana ba lalaci take yi ba, ciwo ne. Na biyu riƙo: yatsunta a haɗe suke gida biyu, suna damƙar reshe da ƙarfi, to idan ta fara zamewa ko tana kama ƙafarta da ɗaya ƙafar, akwai matsala. Na uku harshe, wanda ke iya kai ninki biyu na tsawon jikinta. Idan ta fara kuskure ƙwaro, ko ta daina harbi daga nesa sai ta matso dab da shi, jijiyoyinta sun fara rauni.

Launi ma yana magana. A 2015, masu bincike a Jami'ar Janiba, ƙarƙashin jagorancin Michel Milinkovitch, sun nuna cewa a ƙarƙashin fatar hawainiya akwai ƙwayoyin halitta masu ɗauke da wasu ƙanƙanan duwatsu masu ƙyalli. Idan tana cikin natsuwa duwatsun sukan matsu, sai ta fito koriya. Idan ta harzuƙa sukan buɗe, sai rawaya da ja su bayyana. Ma'ana, launinta ya fi bayyana halin da take ciki, da zafi ko sanyin jikinta, fiye da kwaikwayon abin da ta taka. Yin duhu da sassafe don ta sha rana ba komai ba ne. Amma wadda ta wuni baƙa ƙirin ko ta dusashe kwana da kwanaki, tana cikin wahala.

Ƙashin da ke laushi

Cutar da likitoci suka fi gani a jikin hawainiyar keji ita ce laushin ƙashi. Yadda take faruwa a fili yake. Jiki na buƙatar kalsiyam a cikin jini don jijiyoyi da zuciya su yi aiki. Hanji kuwa ba ya iya tsotsar kalsiyam daga abinci sai da bitamin D3, shi kuma D3 fata ce ke haɗa shi idan wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake kira UVB, ya sauka a kanta. Gilashin taga yana tare wannan haske. Don haka hawainiyar da aka ajiye a bakin taga, rana na haska ta kullum, tana iya zama cikin yunwar rana ba tare da mai ita ya sani ba.

Ga kuma matsalar abinci. Gyaren da ake kiwo don ciyar da ita yana da fosfaras mai yawa, kalsiyam kaɗan, alhali abin da ake so shi ne kalsiyam ya ninka fosfaras sau biyu. Idan jini ya rasa kalsiyam, sai jiki ya koma kan ƙashi, wanda shi ne rumbunsa, yana ɗiba ba a zubawa. A hankali ƙafafu su lanƙwashe, muƙamuƙi ya yi taushi har baki ya kasa rufuwa, tukkun ka ya karkace, jiki ya riƙa karkarwa. Ƙashi na iya karyewa daga faɗuwar da ba ta kai kamu ɗaya ba. 'Ya'ya masu saurin girma da mata masu ɗauke da ƙwai su ne cutar ta fi kayarwa.

Gary Ferguson na Jami'ar Texas Christian da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna nazarin wannan a kan hawainiyar Madagaska. Sun gano cewa matan da ba su samun isasshen UVB suna iya yin ƙwai, amma 'ya'yan kan mutu a cikin ɓawo ba su ƙyanƙyashe ba. Sun kuma gano wani abin mamaki: hawainiyar da abincinta ke da ƙarancin D3 takan ƙara daɗewa a cikin hasken da kanta, wadda ta ƙoshi da shi kuma ta rage. Ta san gwargwadon abin da jikinta ke so, matuƙar an ba ta rana da inuwa ta zaɓa. Wani gwaji da aka buga a 2010 ya tabbatar a kan 'ya'yan hawainiyar Yaman cewa haɗa UVB da ƙarin kalsiyam da bitamin A yana hana cutar.

A asibiti, likita yakan ɗauki hoton ƙashi, wani lokaci ya ɗebi jini. Idan abin ya yi tsanani yakan yi allurar kalsiyam, sannan ya rubuta na ruwa da za a riƙa ɗiga mata a baki na makonni. A gida kuma sai a sa fitilar UVB mai tsawo a saman keji, ba gilashi ko roba a tsakani, tana ci awa 10 zuwa 12 a rana. Ana sauya fitilar bayan wata 6 zuwa 12, don ƙarfin UVB ɗinta kan ƙare tun tana ba da haske. Ƙwarin da za a ba ta, sai an ciyar da su ganye mai kyau da karas da kabewa kwana ɗaya ko biyu kafin nan, sannan a barbaɗa musu garin kalsiyam. Inda ake da zogale, ganyensa ya dace da wannan aiki.

Ƙashi yana sake ƙarfi cikin watanni, amma ƙafar da ta lanƙwashe haka za ta zauna. Hawainiyoyi da yawa sun ci gaba da rayuwa shekaru da karkatattun ƙafafu, suna hawa suna farauta. Sai dai a kiyaye wuce gona da iri: D3 ko bitamin A da ya yi yawa guba ne, yana lalata ƙoda. Likita ne ke yanke gwargwado.

Ƙishirwa a gaban kwanon ruwa

Hawainiya ba ta san ruwan kwano ba. A daji raɓa take lasa da ɗigon ruwan sama a kan ganye, kuma ƙyallin ɗigon da motsinsa ne ke jan hankalinta. Tana iya mutuwa da ƙishirwa ga kwano cike a gabanta.

Kashinta ne ke fara tona asiri. Hawainiya ba ta fitsarin ruwa. Tare da kashi take fitar da wani farin abu mai kauri. Idan fari ne tas, ruwa ya wadata. Idan ya koma rawaya ko ruwan lemo, jiki ya fara bushewa. Daga nan idanu su faɗa, fata ta tattare. Idan aka daɗe a haka, ƙoda kan gaza, gishirin fitsari ya taru a gaɓoɓi su kumbura, har a ga dabbar tana rataye ƙafa ɗaya don zafi. Wannan mataki ba kasafai ake dawowa daga gare shi ba.

Maganin farko mai sauƙi ne. A fesa ruwa mai tsabta a kan ganyen kejin safe da yamma, na mintoci, don takan ɗauki lokaci kafin ta fara sha. A rataya gora mai ƙaramar huda a sama tana ɗiga a kan ganye. A ba ta tsutsotsi masu ruwa a jiki, irin tsutsar siliki. Wadda ta galabaita sosai, likita yakan yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata. Abin da ake gargaɗi a kai shi ne ɗura ruwa da sirinji da ƙarfi, domin ƙofar numfashinta a ƙasan baki take, bayan harshe, kuma ruwan da ya shiga huhu na iya kashe ta. Ɗigo ɗaya a gefen leɓe, a jira ta haɗiye, sannan a ƙara.

Ƙwai, huhu da tsutsar ciki

Macen hawainiyar Yaman tana yin ƙwai ko da ba ta taɓa ganin namiji ba, sau da yawa fiye da 30 a zubi ɗaya, wani lokaci har su haura 70, musamman idan ana cika ta da abinci da zafi. Idan lokaci ya yi takan daina ci, ta sauko ƙasa tana kai da kawowa tana neman inda za ta tona. In ba ta samu ba sai ta riƙe ƙwan, su kuma su kashe ta. Shi ya sa ake ajiye mata bokiti mai yashi mai danshi, zurfinsa kamar santimita 30, a lulluɓe kejin, a ba ta wuri. Idan ta ga ana leƙenta tana iya barin ramin. Wadda ta kasa, likita yakan gwada kalsiyam da allurar naƙuda, in ba su yi ba sai tiyata. Wannan wahala na cikin dalilan da suka sa mace ba ta kai namiji daɗewa: shi yakan yi shekara 6 zuwa 8, ita kuwa ƙasa da haka.

Ciwon huhu kuma yakan biyo bayan sanyi da iskar da ba ta zagayawa, abin da akwatin gilashi rufaffe ke haifarwa. Za a ga ta ɗaga hanci sama, baki buɗe, da yauƙin majina, wani lokaci a ji ƙarar numfashinta. Ruɓewar baki tana zuwa da kumburin dasashi da mugunya mai kauri. Duka biyun suna buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta daga hannun likita. Idon da ya kumbura ko yake rufe kullum kan iya nuna ƙarancin bitamin A. Waɗanda aka kamo daga daji kuwa kusan duk suna zuwa da tsutsar ciki. A daji suna zaune da ita lafiya, amma wahalar kamu da tafiya kan karya garkuwar jiki, sai tsutsar ta yi rinjaye. Gwajin kashi ne ke nuna irinta da maganin da ya dace.

Ɗakin jinya

Masu kiwo sukan shirya wa marar lafiya keji na musamman. Ana sauko da rassa ƙasa, a shimfiɗa tawul mai laushi saboda faɗuwa, a sa farar takarda don a riƙa ganin kashi. Bangon raga ya fi gilashi, don iska ta ratsa. Gefe ɗaya a sa fitilar ɗumi, wajen digiri 29 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyas ga hawainiyar Yaman, ɗaya gefen a bar shi da sanyi da ganyen ɓuya. Mai ƙaho uku 'yar tsauni ce, wannan zafi ya yi mata yawa. Da dare a kashe kowace fitila, duhu da ɗan sanyi take so. Ɗumin ba ado ba ne, domin jikinta ba ya samar da zafi da kansa, kuma narkar da abinci da aikin magani duk sun dogara a kansa.

Kowane mako ana ɗora ta a kan ƙaramin sikeli a rubuta nauyinta da giram. Ido na iya ruɗuwa, sikeli ba ya ruɗuwa. Wadda ba ta iya harbi da harshe, ana miƙa mata ƙwaro mai laushi dab da baki. Wadda ta daina ci gaba ɗaya, likita yakan nuna yadda za a ba ta abinci mai ruwa kaɗan-kaɗan.

Abin da ya fi wa mai jinya wuya shi ne kame hannunsa. Tausayi kan sa mutum ya so ɗaukar marar lafiya ya rarrashe ta, ita kuwa hawainiya hannun mutum farcen shaho take ɗaukarsa. Ba ta son abokiyar zama, ba ta son madubi, ba ta son kyanwa ta zuba mata ido. A taɓa ta lokacin magani kawai, a mayar da ita. Bayan kowace taɓawa a wanke hannu da sabulu, saboda dabbobi masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar salmonela, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ba da shawarar kada yara 'yan ƙasa da shekara 5 su riƙa taɓa su.

Sauƙi yana zuwa a hankali. Wata rana ido ya buɗe ya bi ƙuda, wani mako riƙo ya ƙara ƙarfi, wani watan kore ya dawo. Akwai kuma wadda ba za ta tashi ba, musamman idan ƙoda ta riga ta lalace, kuma a nan likita na gaskiya yakan faɗa wa mai ita cewa ci gaba da jinya tsawaita azaba ne.

Tamu ta gida

A ƙasar Hausa hawainiya ba baƙuwa ba ce. Da damina ana ganinta a shingen gona da kan rassan bishiyoyi, tana taku a hankali tana rangaji, har ta shiga karin magana inda ake gargaɗin ta kiyayi ramar wani. Akwai masu tsoronta da zaton tana da dafi, har yara su bi ta da jifa. Ba ta da dafi ko kaɗan, kuma fara da ƙudaje da sauran ƙwarin da ke ɓata amfanin gona su ne abincinta. A wasu kasuwannin Afirka ta Yamma, irin ta Akodesewa a Lome, ana sayar da busassunta don haɗa magungunan gargajiya.

Yanzu da kiwon dabbobin sha'awa ke yaɗuwa a birane, ana samun mai kamo ta ya saka a kwali ko kejin tsuntsu. Rana ba ta yi mana ƙaranci ba, amma keji a tsakar rana ba inuwa yana kashe ta cikin ɗan lokaci, bushewar hunturu na tsotse ta, farar da aka kamo a gonar da aka yi wa feshi kuma guba ce. Wanda ke da marar lafiya a hannu, akwai asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri, inda za a iya gwada kashi a ɗauki hoton ƙashi. Malamai kuma sun daɗe suna karantar da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Wanda ya kulle dabba, ci da shanta da lafiyarta sun hau wuyansa.

Duk wanda ke da hawainiya a keji yau, ya duba idanunta da riƙonta da farin kashinta, ya tabbatar tana samun rana da inuwa da ruwa mai ɗiga, ya nemi likita tun ba ta faɗo daga reshe ba. Wadda aka kamo kwanan nan a dajin kusa kuma lafiyarta ƙalau, a mayar da ita inda aka ɗauko ta. Wadda aka sayo daga wata ƙasa, kada a sake ta a dajinmu. Wanda kuma ya gamu da ita a shingen gonarsa, ya hana yara jifanta, ya bar ta ta wuce.